Sakin bawul ɗin zuciya: daga ina faɗuwar gaban take, kuma ƙwayoyin ƙari na magani?

Akwai wata takarda da ke fitowa daga ɗakin hoton zuciya tana hana mutum barci, alhali galibi ba ta kai ta hana ba. Ita ce wadda likita ya rubuta haruffa uku a ƙasanta: MVP, gajeren sunan sakin bawul ɗin zuciya a Turance. Abin da ke kai mutum asibitin yawanci faɗuwar gaba ce ba dalili, ko zuciya ta riƙa tsallake bugu idan ya kwanta, ko wani suka a gefen hagu na ƙirji da aka daɗe ana sha masa maganin olsa bai tafi ba. Sai a yi masa eko, wato hoton zuciya, a ce bawul ɗin mitral na zuciyarsa, ɗaya daga ƙofofin da ke hana jini komawa baya, ya saki. Kafin ya iso gida ya duba waya. Kafin mako ya zagayo 'yan uwa da abokan arziki sun turo masa sunayen ƙwayoyin ƙari, wato waɗanda ake sha don ƙara wa jiki sinadarai: wannan maganiziyam, wancan CoQ10, ga man kifi, ga wani haɗin da aka ce daga Amurka ake kawo shi, kuɗin kwalba ɗaya ya isa cefanen mako.

Kafin a taɓa aljihu, akwai abu biyu da ya kamata a raba. Na farko halin da bawul ɗin yake ciki: yana rufewa ruf ko yana yoyo, in yana yoyo, yaya yawansa. Na biyu abin da mutum ke ji a jikinsa. Yawancin mutane na ɗauka na biyun ne ma'aunin na farko, kuma ba haka ba ne. Akwai wadda zuciyarta ke dukan uku-uku dare da rana, amma bawul ɗinta ba ya zubar da ko ɗigo, kuma haka za ta tsufa da shi. Akwai kuma magidancin da bai taɓa jin komai ba, yana noma yana hawan bene, alhali jini na komawa baya a kowane bugu, zuciyarsa na buɗewa a hankali. Ta farkon ce ke sayen ƙwayoyi. Na biyun ne ke cikin haɗari.

Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a dama, biyu a hagu. Jinin da ya ɗauko iska daga huhu yana sauka a ɗakin sama na hagu, ya gangara na ƙasa, shi kuma na ƙasan, wanda ya fi sauran kaurin bango, ya matse ya tura shi ko'ina a jiki. Tsakanin ɗakunan nan biyu akwai ƙofa mai ƙyaure biyu na tantani, ita ce bawul ɗin mitral. Bakin kowane ƙyaure a ɗaure yake da siraran jijiyoyi da ke manne da naman ɗakin ƙasa. Idan ɗakin ya matse, ƙyauren biyu su haɗu su rufe, jijiyoyin su riƙe su kada ƙarfin jini ya banke su baya. A wajen mai MVP, tantanin ya yi laushi ko ya yi yawa, jijiyoyin sun miƙe, sai ƙyaure ɗaya ko duka biyun su kumbura su leƙa ɗakin sama lokacin matsewar. Ma'aunin da masu hoton zuciya ke bi shi ne leƙen ya wuce milimita 2. Leƙen kaɗai ba cuta ba ce mai tayar da hankali muddin bakin ƙyauren na haɗuwa. Inda magana take shi ne in sun daina haɗuwa, jini ya fara tsiyaya baya.

Likitan da ya san aikinsa yakan gane abin tun kafin eko. Zai ɗora abin sauraro ƙasa da nonon hagu, ya ji wani ɗan ƙas a tsakiyar bugu, wani lokaci da ɗan huci a bayansa. Sai ya ce, "Hajiya, ɗan tsuguna." Ta tsuguna, ƙas ɗin ya ja baya, ya makara. "To, miƙe tsaye." Ta miƙe, ƙas ɗin ya matso farkon bugun, hucin ya ƙara tsawo. Dalili kuwa, tsugunawa na ƙara jinin da ke komowa zuciya, ɗakin ƙasa ya cika ya buɗe, jijiyoyin su ɗame. Miƙewa tsaye na rage jinin, ɗakin ya tsuke, jijiyoyin su saki, ƙyauren ya samu damar leƙawa da wuri. A riƙe wannan, domin shi ne bayanin abin da ya sa wasu ke cewa abin ya fi damunsu ranar da ba su sha ruwa sosai ba.

Wani likitan Afirka ta Kudu, John Barlow, da ke aiki a Johannesburg, shi ya nuna a 1963 cewa wannan ƙas da hucin daga bawul ɗin mitral suke fitowa, ba daga wajen zuciya ba kamar yadda ake zato a da. Shi ya sa har yau wasu ke kiran nau'in da ya yi tsanani da sunansa. Da na'urar eko ta yaɗu a shekarun 1970 da 1980, sai abin ya zama ruwan dare a Amurka da Turai. Kusan duk budurwa siririya da ta je da ƙorafin faɗuwar gaba sai ta dawo da haruffan nan uku. A ƙarshen shekarun 1980 Robert Levine da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa zoben da bawul ɗin ke zaune a kai ba a miƙe yake ba, a lanƙwashe yake, don haka in aka ɗauki hoton ta wani ɓangaren, ko lafiyayyen bawul sai a ga kamar ya leƙa. Ashe dubban mutane an laƙaba musu ciwon da ba su da shi. Aka gyara ma'auni. A 1999 binciken Framingham na Amurka ya duba mutum 3,491 da sabon ma'aunin, ya samu 84 kacal, wato kashi 2.4 cikin ɗari.

Abin da ya fi jan hankali a wannan binciken ba adadin ba ne. An tambayi mutanen game da ciwon ƙirji da haki da sauran ƙorafe-ƙorafen da aka saba ɗora wa MVP, sai aka ga ba su fi yawa a wajen masu shi ba fiye da waɗanda ba su da shi. Wannan ba ya nufin mai ƙorafin ƙarya yake yi. Bugun gaskiya ne, jirin gaskiya ne. Abin da yake nufi shi ne, sau da yawa bawul ɗin an tarar da shi ne a wurin, ba shi ya yi aikin ba, kuma in aka tsaya a kansa sai a bar ainihin mai laifin.

A nan gida akwai tambayar da ta riga duk waɗannan

Yawancin abin da ake karantawa a intanet kan MVP an rubuta shi ne don ƙasashen da suka daɗe da kawar da ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro. Mu ba mu kawar ba. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro na ƙwayar cutar strep, ba a ba shi penisilin ba, bayan makonni biyu ko uku zazzaɓi ya dawo da ciwon gaɓoɓi, garkuwar jikinsa ta juya ta afka wa bawul ɗin zuciyarsa. Bawul ɗin mitral ne ya fi shan wannan duka. A ƙiyasin 2019, kimanin mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, galibinsu a ƙasashe matalauta, kuma a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai ba baƙo ba ne. A farkonsa yakan sa ƙyauren gaba ya saki ya yi yoyo, har a hoto ya yi kama da MVP. Amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Mai wannan ciwon yana buƙatar allurar benzathine penisilin duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, don kada cutar ta sake dawowa ta ƙarasa bawul ɗin. Saboda haka in yaro ne ko matashi aka ce bawul ɗinsa ya saki, musamman in an taɓa fama da kumburin gwiwa ko idon sawu yana ƙarami, tambayar farko ga likita ita ce: wannan na halitta ne ko na maƙogwaro? Babu ƙwayar ƙarin da za ta tsaya a madadin wannan allurar, kuma duk wanda ya ce wa uwa ta bar allura ta koma wani haɗi, ya cuce ta.

In an tabbatar MVP ne na halitta, yakan bi jini. Ana samunsa a gida ɗaya, kuma ya fi yawa a masu ciwon Marfan da Ehlers-Danlos, waɗanda jijiyoyin jikinsu gaba ɗaya ke da saki: dogaye sirara, masu dogayen yatsu, wasu da ƙirji a lotse ko ƙashin baya a karkace.

To, bugun fa? Mutum ba zai zauna yana jin zuciyarsa na tsalle a ce masa ya yi haƙuri kawai ba. Matakin farko shi ne a kama bugun a takarda. Gwajin bugun zuciya na ECG na minti ɗaya sau da yawa ba ya kama komai, domin zuciya ba ta yin abin a gaban likita. Shi ya sa ake ɗaura wa mutum ƙaramar na'urar Holter ya tafi da ita gida awa 24 ko 48, duk lokacin da ya ji abin ya rubuta ƙarfe nawa ne. Yawanci abin da ake gani ƙarin bugu ne da ke shigowa kafin lokacinsa, sai zuciya ta ɗan dakata, bugun da ke biye ya zo da ƙarfi. Wannan dakatawar da dukan da ke bayanta su ne mutum ke ji kamar gabansa ya faɗi. Kusan kowa na yin irinsa jefi-jefi. Wani lokaci kuma a duba awan da mutum ya rubuta, a tarar zuciyar na tafiya daidai, ba ta yi komai ba.

Daga nan sai gwajin jini, kuma a ganina nan ne kuɗin da za a kashe wa ƙwayoyi ya fi cancanta ya tafi. Ƙarancin jini na sa bugu da haki da jiri da kasala, duka huɗun, kuma a wajen matan da ke haihuwa kusa-kusa ko masu zubar jini da yawa a al'ada shi ne abin zargi na farko. Ƙululun wuya na tayirod in ya yi aiki fiye da kima yana sa zuciya gudu da rama da gumi da rawar hannu. Zazzaɓin cizon sauro, juna biyu, saukar sukari, gudawa, duk suna yi. Wadda ƙarancin jini ke damunta za ta iya shekara tana shan CoQ10 ba ta ga canji ba, alhali ƙwayar ƙarin jini mai araha da abinci za su tashe ta cikin 'yan watanni.

Sai abubuwan da mutum ke sa wa bakinsa. Goro, shayi mai kauri da ake dafawa sau uku a majalisa, kofi, lemukan ƙarin kuzari na gwangwani, taba da shisha, maganin mura mai ɗauke da pseudoephedrine, da haɗe-haɗen rage ƙiba ko ƙarfin maza da ba a san abin da ke cikinsu ba. Bincike bai nuna cewa matsakaicin kofi haɗari ne ga yawancin masu zuciya ba, don haka ba sai an haramta wa kowa ba. Jiki ne ya bambanta. Hanya mafi sauƙi mutum ya ajiye abu ɗaya na mako biyu ya gani, in bugun ya lafa ya san abokin gabarsa. Ruwa kuma a sha shi da kyau, musamman a zafin Maris da Afrilu, saboda dalilin da aka faɗa a sama. Yawancin masu MVP mara yoyo na azuminsu lafiya lau, sai dai su cika ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, kada su cika shayi a madadinsa. Wanda ke shan maganin sa fitsari ko wanda yoyonsa ya yi yawa, ya zauna da likitansa kafin watan ya kama.

Akwai kuma tsoro, wanda ba a son a ambata don kada mutum ya ji kamar an ce masa ƙirƙira yake yi. Zuciya ta yi tsalle ɗaya, mutum ya firgita, firgicin ya saki sinadarin adrenalin, shi kuma ya ƙara wa zuciya gudu, sai numfashi ya koma sama-sama, yatsu su yi sanyi, mutum ya fara kalmar shahada. Bayan minti ashirin komai ya wuce. Tun ranar da aka ce masa yana da ciwon zuciya ya daina tafiya mai nisa, ya daina ƙwallo, matar ta daina shara, jiki ya mutu, hawan bene kaɗan sai haki, hakin kuma ya tabbatar masa da abin da yake tsoro. Maganin wannan shi ne akasin abin da yake yi: tafiya da sauri rabin awa mafi yawan kwanakin mako, barci isasshe, in firgicin ya yi yawa a ga likitan da ya ƙware a kansa. Mai MVP da ba shi da yoyo mai tsanani ko rikicewar bugu mai haɗari ba a hana shi motsa jiki.

In duk an yi wannan bugun bai bari ba, likitoci na ba da magungunan da ke rage tasirin adrenalin a kan zuciya, irin su propranolol, atenolol, metoprolol ko bisoprolol. Suna kwantar da bugu, ba sa gyara bawul. Suna iya kawo kasala da sanyin hannu. Propranolol na iya tayar wa mai asma da ciwonsa har ya kai ga halaka, kuma ba a yanke shan kowannensu rana ɗaya. Ba maganin da za a karɓa a kemis don maƙwabciya ta ce ya yi mata ba ne.

Ƙwayoyin ƙari, ɗaya bayan ɗaya

Magana ta gaskiya a dunƙule ita ce, babu wata ƙwaya ko ganye ko mai da aka nuna yana mayar da tantanin da ya saki, ko ya gajarta jijiyar da ta miƙe, ko ya tsayar da yoyo. Har magungunan asibiti ma ba sa yin wannan. Don haka tambayar da ta rage ƙarama ce: akwai wadda ke rage abin da mutum ke ji?

Maganiziyam ne kaɗai ke da abin nunawa. A 1997 wasu likitoci a Poland suka wallafa bincike a mujallar American Journal of Cardiology. Sun auna jinin mutum 141 masu MVP da alamu suka dama sosai, suka samu kashi 60 cikin ɗari na da ƙarancin maganiziyam, alhali a cikin lafiyayyu 40 da aka gwada kashi 5 ne kawai. Sai suka ɗauki 70 daga masu ƙarancin, aka riƙa ba su maganiziyam ko ƙwayar bogi ba tare da sun san wacce suke sha ba. Bayan mako biyar na maganiziyam, yawan ƙorafe-ƙorafensu a matsakaici ya ragu da kusan rabi: kasala, ciwon ƙirji, haki, bugu, fargaba. Wannan binciken shi ne kusan duk mai tallar maganiziyam ke jingina da shi, ko ya ambace shi ko bai ambata ba. A duba shi da kyau. Mutanen kaɗan ne, lokacin gajere ne, kuma waɗanda aka bai wa ƙwayar duk an riga an tabbatar suna da ƙarancinsa. Bai ce bawul ɗin ya gyaru ba. Bai ce komai ba game da wanda maganiziyam ɗinsa ke daidai. Shi ya sa ƙa'idojin manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Turai ba su sa shi cikin maganin MVP ba. Duk da haka ban ga laifin likitan da zai gwada shi ga mai bugu na wata ɗaya ko biyu ba, in ƙodarsa lafiya take, musamman in akwai dalilin zargin ƙaranci: shan maganin sa fitsari irin furosemide, daɗewa ana shan omeprazole don olsa, ciwon sukari, gudawa mai naci, ko giya. Gwajin jinin ma ba ya faɗin komai da komai, domin ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na maganiziyam ɗin jiki ne ke yawo a jini, sauran na cikin ƙashi da tsoka.

Abin da baligi ke buƙata a rana miligiram 310 zuwa 320 ne ga mace, 400 zuwa 420 ga namiji, kuma hukumomin Amurka sun sa 350 a matsayin iyakar abin da za a sha ta ƙwaya ba tare da kulawar likita ba. Fiye da haka gudawa ce ke fara zuwa, ita kuma gudawar ta kwashe ruwa da gishirin jiki, bugun da ake gudu ya ƙaru. Ga mai ciwon ƙoda kuwa abin ya wuce gudawa, domin ƙodar ba ta iya fitar da shi, sai ya taru ya saukar da hawan jini ya rage bugun zuciya har ya tsayar da ita. A lura kuma, farin ruwan maganin olsa da ake sha kamar kunu a gidaje da yawa shi ma akwai maganiziyam a ciki.

Abin dariya, abincin da ya fi yawan maganiziyam shi ne wanda ake rainawa: gero da dawa da ba a surfe su fes ba, wake, gyaɗa, riɗi, agushi, alayyafo, zogale, kuka. Mai shan fura yana cin ɗanwake da miyar ganye ya fi mai rayuwa kan farar shinkafa da burodi da taliyar leda samunsa nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu guda da ya shafe mu kai tsaye. Maganiziyam na kama magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin ciprofloxacin da doxycycline a cikin hanji ya hana jiki ɗaukarsu, don haka sai an raba lokacin shansu da awanni. Ita cipro ɗin ma da kanta akwai magana a kanta: a 2020 hukumomin magunguna na Turai da Birtaniya sun yi gargaɗin cewa ita da danginta na iya ƙara haɗarin yoyon bawul, suka ce ga mai matsalar bawul a fara duba wani maganin tukuna. Haɗarin ƙarami ne, amma a inda duk zazzaɓin da ya kwana uku ake kiransa taifod a miƙo cipro, mai MVP ya kamata ya buɗe baki ya faɗi abin da ke takardarsa.

CoQ10 sinadari ne da jiki ke yi da kansa don samar da kuzari a cikin ƙwayoyin halitta. Binciken da ya fi ɗaga sunansa shi ne Q-SYMBIO na 2014, kan mutum 420, amma masu gazawar zuciya ne, ba masu MVP ba, kuma ciwon biyu ba ɗaya ba ne. A kan MVP abin da ke akwai tsofaffin ƙananan gwaje-gwaje ne da ba su isa a gina hukunci a kansu ba. Ba ya cika cutarwa, sai dai yana iya rage ƙarfin warfarin, maganin hana jini yin guda, ga tsada.

Man kifi ne ya fi ba mutane mamaki. Kowa ya san shi da sunan abokin zuciya, amma manyan gwaje-gwajen da aka ba da gram 4 a rana sun nuna ƙaruwar wata rikicewar bugu da ke tasowa daga ɗakin sama, wadda likitoci ke kira AF. Ita ce kuwa rikicewar da mai yoyon bawul ɗin mitral ya riga ya fi kowa kusa da ita, kuma ita ke tara gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Cin kifi sau biyu a mako wani abu ne daban, ba a hana shi ba.

Fotasiyam kada a sha shi sai da gwaji. Ƙarancinsa na rikita bugu, yawansa na tsayar da zuciya, kuma mai shan maganin hawan jini irin lisinopril ko spironolactone ko mai raunin ƙoda na iya tara shi ba tare da ya ji komai ba. Zuma da habbatus sauda da man zaitun da tafarnuwa da zoɓo, ba wanda ke musun matsayinsu a abinci da al'ada, amma ba a nuna ɗayansu na taɓa bawul ba, kuma tafarnuwa da citta in an sha su da yawa a matsayin magani suna iya ƙara zubar jini ga mai shan warfarin.

Kwalbar da aka ce daga Amurka take ba shaida ba ce. Dokar can ta 1994 ba ta tilasta wa mai ƙwayar ƙari ya tabbatar tana aiki kafin ya kai ta kasuwa ba. A Najeriya ma, lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ko na ƙari ba tana nufin hukumar ta gwada ta ga yana warkarwa ba ne. Akan rubuta hakan a jikin kwalin da ƙananan haruffa, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Waɗanda bai kamata su tsaya kan ƙwaya ba

Mafi yawan masu MVP za su yi rayuwarsu cikakkiya, su yi aure, su haihu, su yi aikin ƙarfi. Juna biyu ma galibi ba ya kawo matsala in yoyon ba mai yawa ba ne. Tun 2007 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta daina ba da shawarar shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin cire haƙori ga mai MVP kawai. An bar wannan ga masu bawul ɗin roba ko ƙarfe da waɗanda ƙwayoyin cuta suka taɓa zama musu a kan bawul. Abin da ya rage a kan kowa shi ne tsaftar baki, domin daga ruɓaɓɓen dasashi ƙwayoyin cuta ke shiga jini su zauna a kan bawul. Zazzaɓin da ya ƙi tafiya mako biyu ko uku ga mai yoyon bawul, da gumin dare da rama, ba na sake sayen maganin maleriya ba ne, na gwajin jini ne a asibiti kafin a sha kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Akwai 'yan tsiraru da bugun nasu ba na wasa ba ne. Alamominsu: suma, musamman a tsakiyar aiki ko gudu, wani a gida da ya faɗi ya mutu farat ɗaya yana matashi, ƙyauren biyu duka sun saki, ko Holter ta nuna bugu mai gudu daga ɗakin ƙasa. An fi ganin wannan nau'in a mata matasa. Irin waɗannan na buƙatar likitan zuciya, wani lokaci da hoton MRI don a duba tabo a naman zuciyar.

Yoyo mai tsanani kuwa ya fi kama maza da suka haura hamsin. Alamarsa haki a aikin da da ba ya sa haki, kasa kwanciya sai an tara matasai, farkawa cikin dare ana neman iska, kumburin ƙafa. In jijiya ta tsinke, hakin na zuwa ne cikin awanni, kuma wannan na gaggawa ne. Amma ba a jiran alamun. Mai ɗan yoyo ana sake masa eko duk shekara uku zuwa biyar, matsakaici duk shekara ɗaya ko biyu, mai tsanani duk wata shida zuwa shekara. A ajiye tsofaffin takardun a tafi da su, domin canjin da ke tsakanin hoto da hoto likita ke nema.

Idan lokaci ya yi, tiyata ce. An fi son a gyara bawul ɗin mutum da a cire shi, hanyar da likitan Faransa Alain Carpentier ya shimfiɗa: a rage tantanin da ya yi yawa, a maye jijiyoyin da suka tsinke, a sa zobe ya riƙe bakin. Wanda tiyata ta yi wa nauyi, akwai maƙalar MitraClip da ake shigarwa ta jijiyar cinya, wadda Amurka ta amince da ita a 2013. In bawul ɗin bai gyaruwa sai a sa na ƙarfe, wanda ke buƙatar warfarin da gwajin jini na INR har ƙarshen rayuwa, ko na naman dabba, wanda ke tsufa bayan shekaru. Ga mai yoyo mai tsanani, lambobi biyu a takardar eko ke sa likita ya fara maganar tiyata ko da mutum na cewa lafiyarsa ƙalau: in ƙarfin matsewar ɗakin ƙasa, wanda ake rubutawa EF, ya sauko zuwa kashi 60 ko ƙasa, ko faɗin ɗakin bayan ya gama matsewa ya kai milimita 40. A wajen wani mutum EF na 58 ba abin damuwa ba ne, amma a zuciyar da ke yoyo sosai alama ce cewa naman ya fara gajiya, kuma in aka bari ya yi nisa, ko an gyara bawul ɗin daga baya ƙarfin ba ya dawowa duka.